Idan Iska Ta Ƙi Fita Daga Kulocin Mota

Galibi ƙarfin ƙafar direba yana isa ga kulocin mota ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu: ko ta waya, ko ta mai. Yawancin Golf 2 da Golf 3 da ke jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Illela waya gare su. In ta tsinke a sayi wata a ɗaura, magana ta ƙare. Amma Hilux da Hiace da Corolla da Canter da Sharan, har da tsohuwar Peugeot 504 wadda masana'antar Kaduna ta daɗe tana harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975, dukansu da man birki kulocinsu yake aiki. Irin wannan kuloci ya fi na waya taushi a ƙafa, ya kuma fi shi ƙarko. Babbar cutarsa guda ce, kuma ita ce kan kai bakanike bango: iska ta shiga layin mai, a yi ta cirewa ta ƙi fita.

Kayan aikin ba su da yawa. A bayan feda, jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, akwai ɗan famfo da ake kira kulocin sama ko masta. A cikinsa akwai fistin mai robobi biyu, a samansa kuma kofin mai. Daga nan bututun ƙarfe ya tashi, ya haɗu da guntun tiyo na roba saboda girgizar inji, ya gangara zuwa kulocin ƙasa da ke ɗaure a jikin giyabos. Direba na taka feda, fistin na sama ya tura mai, man ya tura fistin na ƙasa, shi kuma ya tura ƙarfen nan mai baki biyu da ake kira fok. Fok ya tura boris, boris ya danna yatsun fileti, dis ya rabu da filawil, giya ta samu hanyar shiga.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda, wato mai ba ya matsuwa. Masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Iska kuwa tana matsuwa. Ana iya gwadawa da sirinji: a cika shi da ruwa, a toshe bakin da yatsa, a danna, ba zai motsa ba, a bar iska a ciki, zai shige ya dawo. Abin da ya sa 'yar iska kaɗan take durƙusar da kuloci shi ne ƙarancin man da ake turawa. Faɗin fistin na sama a motocin Toyota da yawa ya kusa milimita 16, tafiyarsa kuma wajen santimita 3, saboda haka taku ɗaya bai tura abin da ya wuce mililita 6 ko makamancin haka, cikin ƙaramin cokali da ɗan ɗori. In iska ta cinye kashi ɗaya cikin uku na wannan, kulocin ƙasa ba zai kai inda ake so ba.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Feda ta yi laushi, kuloci ya koma kamawa can ƙasa dab da daɓen mota. Giya tana shiga lafiya lau in inji a kashe yake, da an tayar sai ta ƙi, ribas kuma ya riƙa ƙara, domin a motoci da yawa ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar sauran giyoyi. Babbar shaida ita ce wannan: in an buga feda sau huɗu ko biyar da sauri sai giya ta shiga, in an huta minti ɗaya abin ya dawo.

Cire iska na yau da kullum aikin mutum biyu ne. A jikin kulocin ƙasa akwai ɗan noti mai huda a tsakiya, niful ke nan. Maigidan gareji yana ƙarƙashin mota da sifana, yaronsa yana kan kujerar direba. “Buga!” Yaro ya taka sau uku. “Danne!” “Na danne, Oga.” Sai a kwance niful kwata ko rabin zagaye, mai ya fito da kumfa, a ɗaure, sannan a ce, “Saki a hankali.” Haka za a yi ta yi har man ya riƙa fitowa garau. A mota mai lafiya wannan ba ya wuce minti goma sha biyar. In an ƙarar da kwalba guda ta mai feda ba ta tashi ba, ci gaba da bugu ɓata mai ne da lokaci. Ko dai akwai kuskure a yadda ake aikin, ko sabon mai ba ya sauka daga kofi, ko iskar ta maƙale inda bugu ba ya kai mata, ko tana sake shiga ta wata kafa, ko kuma tun farko ba iska ba ce.

Kuskuren aiki shi ya kamata a fara dubawa, tunda gyaransa kyauta ne. Kofin kuloci ƙarami ne, zagaye biyar ko shida ya isa ya ƙare, kuma da zarar ya ƙare masta ya shaƙi iska, an koma gidan jiya. Motocin Turai da yawa, irin su Sharan da Golf 4, ba su da kofin kuloci daban. Daga kofin birki ake ɗiba ta wani bututu da ke fita a gefe, can sama. Da gangan aka ɗaga shi, don in kuloci ya yi yoyo kada ya kwashe man birki. To sai mutum ya leƙa ya ga kofi da mai har rabi, hankalinsa ya kwanta, alhali man ya sauka ƙasa da bakin bututun, iska kawai kuloci yake zuƙa. A irin waɗannan motoci dole kofi ya zauna a cike fal muddin ana aikin. Sauran kura-kuran su ne yaro ya saki feda kafin a ɗaure niful, ko ya riƙa bugu da gaggawa har iskar ta farfashe ta zama kumfa mai laushi da ke ɗaukar lokaci kafin ta taru. Akan kuma samu feda ta zauna ƙasa bayan an buɗe niful; wannan ba lalacewa ba ce, sifirin fileti ne ya daina turo mai baya, sai a ɗago ta da hannu a hankali.

Shi kansa niful yana yaudara. In an kwance shi da yawa, iska tana bi ta zarensa ta shiga tiyon da akan saƙala a bakinsa don ganin mai, a yi ta ganin kumfa ana zaton daga cikin layi take. Ɗan giris a kewayen zaren yana maganin wannan. A hanyoyin rairayi na Garu da Kalmalo da Araba kuwa, inda 'yar hular roba ta niful ta daɗe da faɗuwa a yawancin motoci, ƙurar hunturu da lakar damina sukan toshe hudar gaba ɗaya. A kwance, ko ɗigo ba ya fita. Sai a cire shi duka, a zura siririyar waya, a hura, a mayar.

In aiki yana tafiya bisa ƙa'ida amma mai ba ya zuwa, ko yana zuwa kaɗan-kaɗan, a koma kan masta. Tsakanin kofi da cikin masta akwai 'yar kafa, a wasu huda ce da ba ta kai milimita ɗaya ba, a wasu kuma ɗan bawul ne a kan fistin. Wannan kafa ba ta buɗewa sai fistin ya koma baya ƙarshe. In ya tsaya ko da kaɗan ne a gaba, kafar tana rufe, sabon mai ba ya sauka, iska kuma ba ta hawa kofi. Kamar buta ce da aka toshe wa murfi gam, ana tuntsurawa ruwa yana ƙin zuba. Abin da ya fi jawo haka shi ne ƙara tsawon rodin da ya haɗa feda da masta. Direba ya yi kukan kuloci yana kamawa ƙasa, bakaniken tasha ya kwance noti ya ƙara rodi don feda ta ɗago, garin neman gira a rasa ido. Bayan hana cire iska, rufaffiyar kafa tana sa mai ya kumbura in ya yi zafi ba shi da wurin komawa, kuloci ya riƙa sulɓi har dis ya ƙone. Littattafan gyara na Toyota da yawa sun ce a bar wa feda wasa na milimita 5 zuwa 15 kafin a ji nauyi. Gwajin mai sauƙi ne: a cika kofi, a buɗe niful, kada a taɓa feda. In layi a buɗe yake, mai zai fara ɗiga da kansa cikin 'yan mintoci. In bai ɗiga ba, a rage rodi, a duba sifirin da ke dawo da feda, a duba ko tabarmar ƙafa ko wani abu ya tokare ta.

Sai matsalar da ta fi cin rai, wadda komai lafiya amma iska ta ƙi sauka. Iska sama take nema, niful kuwa yana can ƙasa. Bugu ɗaya yana gangarar da ƙwayar iska 'yan santimitoci, kafin bugu na biyu ta sake hawowa inda take. In bututu ya yi lanƙwasa ya haura sama da masta, ko masta a karkace aka ɗaura shi, bakinsa na fita yana kallon ƙasa, iskar takan samu lungu ta zauna. Haka nan in an ɗaura kulocin ƙasa a juye, niful yana ƙasa, bututu yana sama, ko kwana za a yi ana bugu ba za ta fita ba, domin niful dole ya zama shi ne ƙololuwar silinda.

Maganin shi ne a bi iska ta inda take so, a turo mai daga ƙasa zuwa sama. Babban sirinji daga kemis da tiyon ƙarin ruwa sun wadatar. A rage man kofi, a cika sirinji da sabon mai, a fitar da iskar cikinsa, a saƙala tiyo a niful, a buɗe, a riƙa turawa sannu a hankali, feda tana sama ba a taɓa ta. Wanda ke tsaye a kan kofi zai ga kumfa tana ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Ana yi ana ɗan ƙwanƙwasa bututun da bayan sifana don ƙwayoyin da suka manne su saki. In kumfa ta tsaya, a ɗaure niful kafin a zare tiyo. Tsofaffin kanikawan Peugeot sun san wannan dabara tun zamanin 504, wadda kulocinta ya yi suna wajen taurin kai: sukan ja tiyo daga niful na birkin gaba zuwa niful na kuloci, su buɗe duka biyun, su riƙa taka birki a hankali, birki ya zama shi ne famfon. Dabarar tana aiki, da sharaɗin man birkin mai tsabta ne, kuma a gwada birki sosai kafin mota ta hau titi.

Akwai wata hanya kusa da wannan ga kulocin ƙasa da ke waje. A kwance shi daga jikin giyabos ba tare da cire bututu ba, a riƙe shi bakin bututun yana sama, a danna fistin ciki da hannu har ƙarshe, a sake shi ya dawo, a maimaita. Kowane dannawa yana kora iska zuwa kofi. Sai dai muddin yana kwance kada kowa ya taka feda, in ba haka ba fistin zai yi tsalle ya fito, mai ya zube. Sabon masta kuwa gara a cika shi da mai a fitar masa da iska a kan benci kafin a ɗaura, domin busasshen masta yakan yi ta kai da kawo bai kama mai ba.

In kuloci ya yi kyau yau, jibi ya koma, to iska tana da ƙofa. Wurin dubawa na farko ƙarƙashin sitiyari ne, inda rodi ya shiga masta. A haska fitila: in akwai danshi, ko fenti ya ɗaye, ko kafet ya jiƙe, robar baya ta mutu. Wannan roba tana iya shaƙar iska lokacin da feda take dawowa ba tare da ta zubar da mai a fili ba, shi ya sa rashin yoyo ba shaida ba ne. Robar gaba kuma in ta cinye, mai yana zagayewa ta gefenta ya koma kofi, ba a ganin komai a waje. Ana gane ta haka: a sa giya, a danne kuloci, a tsaya a fili inda babu mutane, in bayan ɗan lokaci mota ta fara jan jiki ƙafa tana ƙasa, matsi yana zurarewa. A ƙasa kuma a janye robar ƙura ta kulocin ƙasa, in mai ya tsiyayo an kama ɓarawo. Tsohon tiyo yakan kumbura in an taka, ya shanye matsi; wanda ya riƙe shi a hannu ana takawa zai ji. Don raba gardama tsakanin sama da ƙasa, a cire bututu daga masta a toshe bakin da noti mai zare daidai, a taka a hankali. Masta mai lafiya zai ƙame tun daga sama. In feda ta nutse, laifin nasa ne.

Motoci irin su Sharan ta farko da Vectra B kulocinsu na ƙasa yana cikin mahaɗar inji da giyabos, haɗe da boris, niful kawai ke leƙowa waje. In ya yi yoyo, man yana ɗiga ta ƙasan mahaɗar, yana kuma iya jiƙa dis. Ba a kai masa sai an sauke giyabos, saboda haka duk wanda zai canza dis da fileti a irin wannan mota, hikima ita ce ya canza shi tare. A haɗin bututunsu na roba akwai ƙananan zobba da kan ɓace ko su tsage wajen cirewa, kuma zobe guda ya isa ya sa a wuni ana fama. Manyan motoci masu ɗaukar shanu da albasa kuwa, kulocinsu yana samun taimakon iskar tanki. Kafin a yanke hukunci sai tanki ya cika, kuma in robar da ta raba ɓangaren iska da na mai ta fashe, kumfa ba za ta daina fitowa a kofi ba.

Yawancin mutuwar robobi daga abin da ake zubawa a kofi take. Man da ya dace shi ne wanda aka rubuta a murfin, galibi DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma dukansu suna shan danshi daga iska, kuma in ruwan ciki ya kai kashi 3.7 cikin 100 ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. A bazarar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, tsohon mai a bututun da ya bi kusa da salansa yana iya yin tururi, kuloci ya ɓace a kan hanya ya dawo in mota ta huce. Danshin kuma shi ke cin cikin silinda da tsatsa. Shi ya sa ake son canza man duk shekara biyu, kuma kwalbar da ta daɗe a buɗe ba ta da amfani. DOT 5 na siliko ne, ba a gauraya shi da waɗannan. Man inji da man giya da fetur kuwa guba ne ga irin robar da ke ciki, tana kumbura ta yi laushi har ta toshe 'yar kafar nan ta masta. Wanke fistin da fetur, wanda al'ada ce a garejoji da yawa, yana kashe sabon kit na robobi tun kafin a ɗaura shi. Da man birki ake wankewa. Ruwan sabulun gari da wasu direbobi kan zuba in mai ya ƙare a daji yana iya kai mota gari, amma in ba a wanke layin a ranar ba, sama da ƙasa duk sai an saye su. Man birki yana cin fenti, yana cutar da ido, ba a kuma ajiye shi a gorar ruwa inda yara za su gani.

Batun kit ko sabo, cikin silinda ne alƙali. In an haska an ga shi sumul, kit mai kyau ya isa. In akwai zane ko ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba, kuma goge shi da sanfefa ƙara faɗi kawai yake yi. Mai mota a Garu ko Illela sau da yawa sai ya aika Sakkwato ta Gwadabawa da Kware, wani lokaci har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya leƙa Birnin Ƙonni in motar ta shigo ta Nijar ce. Wanda aka aika ya tafi da tsohon a hannu, domin masta biyu suna iya yin kama a waje faɗin fistinsu ya bambanta, kuma ƙaramin masta ba zai cika babban kulocin ƙasa ba ko babu ƙwayar iska a layi.

Akwai kuma lokacin da layin mai ba shi da laifi ko kaɗan. Feda tana da ƙarfi, bugu ba ya canza komai, rodin kulocin ƙasa yana fita sosai in an taka, amma giya ta ƙi. A nan ba a layi gizo ke saƙar ba. Fok yakan tsage ko ya lanƙwashe, maƙogoron da yake juyawa a kai yakan cinye, sifirin dis yakan ɓalle ya tokare, akan ɗaura dis baibai, motar da ta kwana biyu a ajiye da damina kuma dis yakan manne wa filawil saboda tsatsa. Ta ɓangaren direba, fil ɗin da ya haɗa feda da rodi in ya cinye yana shanye rabin takun, bangon da masta ke ɗaure a kai yakan tsage ya riƙa motsi. Ban da na ɓangaren direba, yawancin waɗannan sai an sauke giyabos.

Direbobi da yawa sukan zaɓi lallaɓawa: a ƙara mai kowace safiya, a buga feda kafin kowace giya, in abin ya ci tura a tayar da mota cikin giya a riƙa canzawa da kunne. A hanyar kan iyaka mai yawan shingaye, da cunkoson ranar kasuwar Illela inda mutane da dabbobi ke gauraye da motoci, wannan kasada ce, kuma zobban giya ne ke biyan kuɗin. Kuɗin masta da kulocin ƙasa da tiyo da kwalba biyu na mai, a haɗe, bai kai na gyaran giyabos ɗaya ba.